Inda Ɗan Sandan Ya Tsaya

Kawuna Behuy bai taɓa ɗaukar fuskar mutum a hoto ba. Shekara goma sha ɗaya yana yawo da kyamara a wuya. Ya ɗauki duwatsun kan iyaka, ya ɗauki saiwoyin itatuwa, ya ɗauki ƙafafun tsofaffi cikin laka. Ranar auren 'yarsa aka ce ya ɗauki ango da amarya, abin da ya kawo shi ne takalma huɗu a bakin ƙofar coci. Har yau matarsa ba ta yafe masa ba.

Idan an tambaye shi dalili sai ya ce, "Fuskokinmu ai Japanawa sun gama ɗauka tun suna mulkinmu. Ta gaba, ta gefe, har da awon kai. Suna can jibge a akwatuna a Taipei, mai so ya je ya gani."

Shi ne autan Kaka Upah, ƙanin mahaifiyata. Yana ɗan shekara goma sha shida ya bi samarin ƙabilarmu ta Tayal irinsa zuwa babban birni Taipei aikin gini, ya shekara ashirin da biyu yana haɗa katakon da ake zuba kankare. Da gwiwarsa ta gaji ya dawo ƙauye ya kama noman kabeji. Kyamarar a shagon tsofaffin kaya ya same ta a garin Luodong, irin ta dā mai cin fim, wadda ake leƙawa ta sama kamar rijiya. Hoto goma sha biyu fim ɗaya ke ɗauka, shi kuwa sai ya yi wata biyu bai cinye ɗaya ba. A ɗakin da yake ajiye taki yake wanke hotunan, shi ya sa duk suke ɗan warin gona.

Wata mata mai gidan baje kolin hotuna, Madam Liao, ta ga aikinsa a bangon cocinmu ranar bikin girbi, ta kwashe ta kai Taipei. Na raka shi buɗewa. An rubuta dogon bayani a bango game da ƙasa da asali da mulkin mallaka. Ya tsaya ya karanta tun daga sama har ƙasa, leɓɓansa na motsi, sannan ya juyo ya ce mini, "Pisuy, ashe abin da nake yi ke nan? Ni na ɗauka dutse nake ɗauka."

Abin da ya biyo baya ni na jawo shi, gara in faɗa tun yanzu.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na ci karo da wani hoto a ma'ajiyar tsofaffin takardu. A ƙasansa an rubuta sunan Kulayun, tsohon garinmu na can cikin duwatsu, da shekarar 1937, ranar da 'yan sandan Japan suka sauko da mutanenmu bakin teku. Wani ɗan sanda a cikinsu ne ya ɗauke shi daga sama. Ga rufin gidaje a jere suna gangarawa, ga mutane tsaye a layi da kwanduna a baya, can nesa ga kwari da wani tsauni mai kai biyu. Kaka tana da shekara shida a ranar. Na buga kwafi babba na kawo mata, ina jin kamar na kawo mata rabin duniya.

Ta sa gilashin ƙara girma ta daɗe tana bin hoton. Ta gane rumbun baffanta. Ta gane wata mata da ta ce marowaciya ce. Sai ta ture shi gefe.

"Ina gidanmu?"

Na ce wataƙila yana cikin waɗancan na ƙasa.

"Gidanmu ne na can sama, babu wanda ya fi shi. Akwai dutsen wasa wuƙa a bakin ƙofa, mai tsagi uku. Uwata tana ciki, ƙarƙashin gado, ta hannun dama. Kin tafi jami'a shekara huɗu kin dawo mini da garin da babu gidana."

Mutanen dā a cikin ɗaki suke binne nasu, ƙarƙashin gadon da mamacin ya kwana. Japanawa sun hana, amma mahaifin Kaka ya binne matarsa a ɓoye, damina ɗaya kafin a tashe su. Kowa a gidanmu ya san wannan labari kamar yadda ya san sunansa.

Bayan shekara biyu likitan ido a Luodong ya ce jijiyar idon Kaka ce ke mutuwa, kuma babu aikin da zai tsai da ita. Ya ce ɗan abin da ya rage ba zai kai ƙarshen shekara ba. Muna dawowa gida ta aika aka kira Kawu daga gona.

"Kai mai ɗaukar takalma," in ji ta. "Ƙafata ba za ta kai ni Kulayun ba. Ka je ka kawo mini shi tun ina gani."

Ya ce, "To, Inna."

Ni na ba da shawarar a nemo daidai inda ɗan sandan ya kafa kyamararsa, a ɗauki sabon hoto daga nan, a jera su biyu, na dā da na yanzu. Madam Liao ta ji ta ce shi ne zai zama tsakiyar baje koli na gaba. Kawu ya ce shi bai iya lissafin kusurwa ba, sai dai in zo in nuna masa wurin. Na ɗauki hutu daga ɗakin karatun da nake aiki. Tafiyar kwana biyu ce a ƙasa daga inda hanyar mota ta ƙare, kuma a duk danginmu shi kaɗai ya san ta.

Muka tashi a watan Maris. Awa uku a motar kabejinsa, sannan muka goya kaya muka shiga daji. Ba mu yi tafiyar minti arba'in ba wani ɗan tsuntsu mai zoben fari a ido ya tsallake hanya daga dama zuwa hagu, yana wani kuka gajere kamar ana tsunkulinsa. Kawu ya tsaya. Ya sauke numfashi, ya juya.

"Mu koma."

"Mun manta wani abu ne?"

"Ba ki ga silik ba? Ya yanke hanya."

Na san silik, kowane ɗan Tayal ya san shi. Shi ne tsuntsun da kakanni ke aikowa. In ya yi kuka yana bin gefen hanya, a wuce. In ya gitta, a koma gida. Amma ni a littafi na fi saninsa, kuma ban taɓa zaton dattijon coci mai karɓar baiko ranar Lahadi zai mai da mu gida saboda abin da bai kai girman ƙwai ba.

Na ce a hankali, "Kawu, wataƙila abinci yake nema."

"Wataƙila. Ke ma in aka aike ki, ai kina tsayawa sayen abinci a hanya. Bai hana ki zama 'yar aike ba."

Kwana uku da suka biyo baya sararin sama tas, ko gajimare ɗaya babu. Dutse bai zaftare ba, kogi bai cika ba, maciji bai sari kowa ba. Na zauna a tsakar gida ina cinye shinkafar cikin gora da muka yi guzuri, ina kallon tsaunukan kamar suna yi mini dariya.

Na yi zaton Kaka za ta ci masa mutunci. Na ma shirya jin daɗin hakan. Sai ta ce, "Ta dama zuwa hagu? Madalla da ka dawo. In ka tsallake silik saboda ni, kada ka kawo mini hoton, ba na so."

"Kaka, idonki ne fa."

"Na sani, a fuskata yake."

A watan Afrilu muka sake tashi. Wannan karon mun kai har gadar igiya ta farko, ƙafafuna duk matsattsaku, kafin silik ya gitta. Kawu ya ce wannan bai yi kuka sosai ba, bari mu zauna mu ji ko zai canja magana. Muka zauna awa guda. Ya tauna goronsa na ganye, ya tofar, ya ba ni labarin wani ɗan kwangila da ya taɓa zuba kankare a kan hularsa. Tsuntsun ya dawo ya sake gittawa, a gabanmu ƙiri-ƙiri, kamar mai cewa ko ba ku ji ba ne.

A mota na kawo maganar ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto. Wani abokin karatuna yana da shi, daga kan tudun gandun daji zai iya aika shi ya dawo cikin rabin awa.

"A leƙa kakanni ta tsakar ka?" in ji Kawu. "Jiragen Japan ne suka fara yi musu haka. Ke da kika yi karatu ai kin san abin da suka sako musu."

Abin haushin shi ne na sani, bama-bamai ne.

A tsakanin nan Kaka ta daina saƙa, don ba ta bambance jan zare da baƙi. Wata safiya na ga ta zuba shayi a gefen kofi, ya malale a tebur, ta sa hannu ta share da sauri don kada in gani. Na yi kamar ban gani ba. Ta fara kirana da sunan mahaifiyata sai in na yi magana. Madam Liao kuma tana bugo waya duk mako, da ladabi, tana tambaya ko tsuntsun ya ba da rana. Ban san ko ba'a take yi ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

A watan Mayu na yi abin da nake jin kunyarsa. Muna shiga daji na kunna waƙoƙin coci a wayata, na ƙure murya, na ce don su ƙarfafa mana gwiwa. Nufina duk wani tsuntsu da ke cikin kwarin ya tsere. Kawu ya yi taku goma, ya sauke kayansa, ya zauna a kan kututture.

"Ƙarasa waƙarki, ina jira."

"Mu dai ci gaba, Kawu."

"'Yar jami'a. Kin toshe bakin ɗan aike, kin ce ba a aiko ba. Wa kike cuta, ni ko su?"

Na kashe. Daji ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ƙananan muryoyi suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ba a jima ba ya zo ya gitta. Na rantse tsuntsun nan ya dube ni.

A hanyar dawowa na yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa yi masa. Idona a kan gilashin mota na yi ta, don ba zan iya kallonsa ba. Na ce shi dai bai damu ba. Na ce yana da wata biyu na ɓatarwa a kan fim ɗaya, ita ba ta da su. Na ce ranar da za ta farka cikin duhu, sai ya kai wa tsuntsun hoton ya duba.

Muka wuce gonakin shayi. Sannan ya ce, "Kullum da asuba nake zuwa bakin dajin nan in saurara, ke kina can Luodong. Kwana sittin da ɗaya yau." Ya canja giya. "Uwata ce, Pisuy. Kafin ta zama kakarki."

Ban ba shi haƙuri ba, bakina ya ƙi. Na ɓare masa lemo na miƙa, ya karɓa.

Farkon watan Yuni, ana saura kaɗan guguwar teku ta fara, ya bugo mini waya ina wurin aiki. "Ɗauko takalmanki. Ya yi magana mai kyau." Washegari silik ya bi mu ta hannun dama yana tsalle daga reshe zuwa reshe, yana surutu kamar ba shi ne ya ci mini hutun shekara ba.

Rana ta biyu da hantsi muka isa Kulayun. Da ba don Kawu ba da na wuce ban sani ba. Ciyawa ta fi ni tsayi, itatuwa sun fito ta cikin abin da dā ɗakuna ne, sai ɗan jerin duwatsu nan da can. Ya buɗe kwalbar giyar gero, ya tsoma yatsa ya yarfa sau uku, ya gaya wa mutanen wurin ko mu 'ya'yan wa ne, ya ce hoto kawai muka zo ɗauka ba za mu daɗe ba. Ya ajiye musu ɗan tsimammen nama a kan ganye.

Nan aikina ya fara. Na riƙe tsohon hoton ina hawa tudu, ina daidaita tsaunin mai kai biyu da bakin kwari. In na hau sai kan hagu ya ɓuya, in na matsa sai kwarin ya karkace. Kawu yana gaba yana sare mini ciyawa yana mita. Wajen awa biyu muna haka, har na fito wani ɗan fili shimfiɗaɗɗe a can ƙarshen gari. Na ɗaga hoton. Komai ya zauna daram, kai biyu, kwari, har da wani farin tabo a jikin dutse.

"Nan ne, Kawu. Daidai nan ya tsaya. Kawo mazaunin kyamarar mai ƙafa uku."

Bai kawo ba. Yana tsugune yana tona ganye da bakin adda. Duwatsu uku suka fito, baƙaƙe, a jere irin na murhu. Ya miƙe ya yi taku huɗu, ya sake tonawa. Wani dogon dutse mai santsi, da tsagi uku a bayansa.

"Pisuy," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Sauko daga nan. Ta hagu, a hankali."

Na dubi murhun, na dubi dutsen bakin ƙofa, na dubi inda ƙafafuna suke. Cikin ɗaki nake, ta hannun dama.

Ban san yadda na fito ba. Na tsinci kaina a waje. Kawu ya sake buɗe kwalbar, ya yarfa, ya ce wa kakarsa da ke binne a ɗakin, "Kaka, yarinya ce, jikar Upah. Karatu ya yi mata yawa, ba rashin kunya ba ne."

Muka zauna a kan dutse. Shi ya warware abin da ya fi shekara tamanin a gaban kowa. Kaka ta taɓa ce masa kwanakin ƙarshe a gidan baffanta suka kwana, ba ta san dalili ba. Ga dalilin. An gano an binne mutum a ɗakin, aka rushe shi tun kafin ranar tashi don sauran su gani. Da ranar ta zo, mai hoto ya nemi wuri mai tsayi kuma shimfiɗaɗɗe. Gidan bai fito a hoton ba domin a kansa aka tsaya.

Duk da haka, Allah ya gani, sai da na ce, "To in ka tsaya a gefe kaɗan, ka miƙa hannu..."

Ya dube ni.

Ya ɗauki kyamarar ya je bakin ƙofa, ta waje, kusa da dutsen wasa wuƙa. Ya juya wa kwarin baya, don ƙofar ba can take kallo ba. Ya durƙusa a kan gwiwar nan tasa marar lafiya yana nishi, ya yi ƙasa da kyamarar.

"Ɗan shekara shida ina yake kai miki?"

Na nuna ƙuguna. Ya daidaita. Babu komai a gabansa sai ciyawa da wani dogon tsauni baƙi mai gibi a tsakiya kamar an cire haƙori. Ya jira gajimare ya matsa, ya jira wani ya zo ya wuce. Minti arba'in ina tsaye ƙudajen daji na cina. Ya danna sau ɗaya, ya miƙe.

"Ɗaya? Kawu, wata uku. Ka ƙara ko biyu mana, in wannan ya lalace fa?"

"In ya lalace mu dawo."

Na bi shi a baya muna gangarowa, ina gaya wa bayansa maganganu a zuci.

Bai lalace ba. Ya buga shi da faɗin ƙofa, a takarda huɗu da ya haɗa, don tiren wankinsa bai kai ba. Muka jingina shi a bangon tsakar gida da rana tsaka, muka kawo Kaka a kujera. A lokacin fuska ba ta gani, sai haske da duhu da manyan abubuwa. Ta sa aka matsar da ita gaba, aka mai da ita baya. Ciyawar ba ta gan ta ba, dutsen mai tsagi da ya fito a kusurwa ma ba ta gan shi ba. Amma baƙin tsauni a kan farin sama ya isa. Ta ɗaga yatsa ta bi bakinsa a iska, da ta zo gibin ta tsaya.

"Ta nan rana ke fitowa," ta ce. "Uwata takan ce in ta leƙo ta nan ban ɗebo ruwa ba, zan sha duka."

Ta daɗe tana kallo. Matar Kawu ta shiga ɗaki ta fito da ido ja. Ni ina kallon ƙasa.

Kawu ya gaya mata abin da muka samu, bai rage komai ba sai inda na tsaya. Ta saurara, ta gyaɗa kai.

"Kun share mata ciyawar?"

Muka dubi juna.

"Kwana biyu kuka yi tafiya, da adda a hannu, kuka bar uwata cikin ciyawa? Kai, me ake yi da kai ne? Ita kuma wannan da digirinta." Ta juya kujerar da kanta ta sake fuskantar hoton. "Ku koma kafin guguwa."

Madam Liao ba ta sami jerin nan na dā da na yanzu ba. Ta rataya hoton shi kaɗai, ta rubuta sabon bayani mai tsawo wanda Kawu ya ce bai gane ba amma ya yi kyau. Na gidan yana nan a bangon ɗakin Kaka. Tun watan Oktoba ba ta ganinsa, amma ta hana a matsar da shi, kuma ta san in an taɓa.

Ciyawar kuwa har yanzu ba a share ba. Sau biyu muna tashi, silik yana mai da mu gida. Hutuna na bana ya ƙare, na fara cin na baɗi, takalmana suna cikin motar kabeji, ina jiran waya.